Saƙar Leshi Da Waɗanda Suka Hana Ta Mutuwa

Kadan aka ambaci leshi a Kantin Kwari na Kano, ko a wurin haɗa kayan lefe, abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne yadin nan mai huji-huji da walƙiya wanda ake yankawa yadi biyar-biyar. Wannan aikin inji ne. Yadi ne aka riga aka saƙa, sa'an nan inji ya bi shi da surfani yana hudawa, kuma tun shekarun 1960 garin Lustenau na ƙasar Ostiriya ya shahara da yin irinsa musamman domin kasuwar Nijeriya. Suna kurum ya ara. Leshin asali ba shi da yadi a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Zare ne tsantsa ake sarƙawa da hannu, a cike nan, a bar sarari can, har fure ko ganye ya bayyana yana tsaye da kansa. Shi ne abin magana yau, shi da mutanen ƙasashen Turai da wasu nahiyoyi waɗanda ke koyonsa domin sha'awa, ba su jiran ko kwabo daga gare shi.

Manyan ire-irensa biyu ne. Akwai na allura: a zana siffa bisa takarda mai ƙarfi, a shimfiɗa zare kan layin zanen, a yi ta ɗora ƙulli bisa ƙulli da allura guda har tsakiya ta cika, a ƙarshe a raba aikin da takardar. Akwai kuma na kwarkwaro, wanda ake yi bisa matashi mai tauri da 'yan sanduna masu yawa, kowanne da zarensa a naɗe. Duka biyun sun bayyana cikin ƙarni na 16. Na allura ya yi ƙarfi a birnin Benis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Na kwarkwaro kuwa, Italiya da Flanders, watau arewacin Beljiyam ta yau, kowa na cewa nasa ne. A Benis aka buga wani littafin zane-zanen saƙar kwarkwaro mai suna Le Pompe a 1557. Daga nan leshi ya zama adon sarakuna da attajirai, maza da mata, a wuyan riga da bakin hannu, har wasu ƙasashe suka riƙa kafa dokar hana shigo da na waje domin kada dukiyarsu ta tsiyaye.

Mai son shiga wannan fanni a yau, kuma galibinsu mata ne, ta ƙofar kwarkwaro takan shiga, zama ita ce mafi sauƙin turawa. Kayan farko ba su da yawa. Matashi, wanda dā akan cusa wa busasshiyar ciyawa a danne har ya yi tauri kamar ganga, yanzu kuwa da yawa na yinsa da farin soson nan mai tauri da ake tokare kayan lantarki da shi cikin kwali. Sai fil mai yawa, da takarda mai kauri wadda aka huda daidai inda kowane fil zai zauna, da kwarkwaro kamar dozin ɗaya ko biyu, da zaren auduga mai ɗan kauri. Malama mai dabara takan ba ta zare launi-launi a aikin farko, domin idonta ya bi kowane zare ya ga inda ya shiga da inda ya fito. Wadda ba ta tabbata za ta ɗore ba, takan fara da maƙalan shanya ko guntayen fensir a madadin kwarkwaro, kuma suna yi.

Abin da ke ba baƙo tsoro shi ne ya ga matashin gwana da kwarkwaro ɗari biyu a baje, ya ce wane kai ne zai riƙe wannan lissafi. Alhali kuwa, komai yawansu, huɗu kaɗai hannu ke aiki da su a lokaci guda, biyu a dama, biyu a hagu. Motsin ma biyu ne tak. A ɗora na biyu bisa na uku, wannan shi ne giciye. A ɗora na dama bisa na hagu cikin kowane biyu, wannan shi ne murɗi. Giciye da murɗi su ba da saƙa mai shara-shara. Giciye, murɗi, giciye, su ba da saƙa mai kama da ta masaƙi. A kafa fil ya riƙe, a ajiye biyu, a ɗauko biyu na gaba. Duk furannin da suka cika gidajen tarihi na Turai, in dai na kwarkwaro ne, daga waɗannan motsi biyu suka fito, kamar yadda 'yan baƙaƙe ƙalilan suka haifi littattafan da ba su ƙirguwa. Aikin farko yakan zama wani siririn ƙyalle marar kyan gani wanda aka jera darussa a cikinsa. Na biyu galibi abin sa wa littafi alama ne, da saƙar da ake kira Torchon, mai layuka miƙaƙƙu da kusurwoyi, wadda kuskure ba ya ɓuya a cikinta. Kafin ta gama shi ta koyi darasi na uku, wanda ya fi sauran ɗaci, watau warwara: ta koma da baya motsi-motsi har ta isa inda ta ɓata, ko da aikin daren jiya duka ne zai tafi.

To, a nan mas'ala take. Akwai masu duban wannan da idon raini, suna cewa ina amfanin mace ta kwashe maraice goma tana saƙa abin da bai wuce taƙi ɗaya ba, alhali inji na zubo yadi ɗari kafin ta gama naɗa zare? In sun sassauta su ce abin rage lokaci ne na tsofaffin da suka bar aiki. Da mudun kasuwa suka auna, kuma a kan wannan mudu babu mai ja da su. Sai dai akwai abin da mudun bai ɗauka ba. Ba domin waɗannan masu rage lokaci ba, da yanzu yawancin ire-iren saƙar nan sun zama kayan kallo a bayan gilashi, ana ganin aikin ana rasa mai sanin yadda aka yi shi. Hujjar wannan tana cikin tarihin sana'ar kanta.

Sa'ad da leshi yake abin kasuwa, masu sa shi sun ji daɗi, masu saƙa shi ba su ji ba. A ƙauyukan Ingila, wajen Bedford da Buckingham da Devon, akwai abin da ake kira makarantun leshi, amma sunan makaranta kawai suka ci. Ƙuntataccen ɗaki ne a gidan wata mata, a tara yara tun suna 'yan shekara biyar ko shida, a zaunar da su gaban matashi daga safe har yamma, karatu kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da dare akan kafa kyandir guda a tsakiya, a kewaye shi da kwalabe cike da ruwa, su tattara hasken su jefa shi kan aikin kowa. Da hunturu ana gudun hayaƙi ya taɓa farin zare, sai mata su ajiye ɗan kaskon garwashi a ƙarƙashin tufafinsu. Yaran na da waƙoƙin ƙirga fil da suke rerawa domin kada hannu ya yi nauyi. Dillali ke ba da zane, shi ke sayar musu da zare, shi ke yanka farashi, sau da yawa ma da kayan kantinsa yake biya a madadin kuɗi. Sai a 1867 dokar ƙasar ta hana sa yaron da bai kai shekara takwas ba aiki a irin waɗannan wurare, sa'an nan dokokin ilmi na 1870 da 1880 suka kwashe yaran zuwa makarantun gaske. Duk mai kukan wucewar wannan zamani, leshin ya duba, bai dubi idanun da suka ƙare a kansa ba.

Ga kuma rowar sani. A 1665 Colbert, wazirin kuɗin Sarki Louis na 14, ya ga dukiyar Faransa na gudu zuwa Benis wajen sayen leshi, sai ya lallaɓo gwanayen mata daga can ya zaunar da su a Alençon da wasu garuruwa su koyar. Hukumar Benis ta ɗauki tafiyarsu laifi ne ga ƙasa, ta bi su da barazana. A cikin masana'anta kuwa an rarraba aikin gaɓa-gaɓa, wannan ta san shimfiɗa zare, waccan ta san cika tsakiya, wata sai gyaran baki, da wuya a sami wadda ta san shi daga farko har ƙarshe. Tsarin ya yi wa mai jari daidai, gama yana sa sauri, kuma yana hana ma'aikaciya ta tashi da sirrin ta kafa nata. Amma ilmin da aka yanka gunduwa-gunduwa aka raba wa jama'a, ran da aka watse kowa da guntunsa zai tafi.

An kuwa watse. A 1809 John Heathcoat ya sami takardar mallakar wani inji mai saƙa ragar leshi, a 1813 John Levers ya inganta shi a Nottingham, har daga baya injinan suka iya kwaikwayon fure da ganye. Farashi ya faɗi. Sarauniya Victoria ta sa leshin hannu na Honiton ran aurenta a 1840, abin ya ɗan ɗaga kasuwar mutanen Devon, amma ba da tafin hannu ake tare ambaliya ba.

Labarin tsibirin Burano, kusa da Benis, ya isa misali. Leshin allura na tsibirin ya yi suna ƙwarai, sa'an nan ya dushe bayan faɗuwar jamhuriyar Benis a 1797. A hunturun 1872 aka yi sanyin da ya daskarar da ruwan da ke kewaye da su, masunta suka kasa fita, yunwa ta shiga gidaje. Wasu manyan mutane, cikinsu har da wata mai sarauta, Andriana Marcello, suka yi shawarar a farfaɗo da tsohuwar sana'a domin mata su sami abin yi. Da aka tashi neman mai koyarwa, sai aka dangana da wata tsohuwa da ake wa laƙabi Cencia Scarpariola, wadda hannunta bai manta ba. Ita ta koya wa wata malamar makaranta, malamar ta koya wa 'yan mata, aka buɗe makarantar leshi a shekarar. Mai karatu ya tsaya nan ya yi tunani. A wannan lokaci fadodi da majami'u na Benis cike suke da leshin Burano a cikin akwatuna, amma babu ƙyalle ɗaya daga ciki da ya iya buɗe baki ya ce ga yadda aka yi ni. Sanin tsibiri guda ya rataya ga numfashin tsohuwa guda. Da sanyin nan ya jinkirta shekara goma, wa ya san wanda za a tarar?

Sauran labarin ma yana da fa'ida. Makarantar Burano ta bunƙasa, ta ciyar da gidaje shekaru masu yawa, amma da igiyar kasuwa aka ɗaure ta, da kasuwar ta sāke faɗuwa sai ta bi ta. An rufe ta a 1970, ginin ya zama gidan tarihi a 1981. Abin da aka tayar domin ciniki, ciniki ke kwantar da shi.

A daidai shekarun nan ne wasu mutane daban suka ɗauki zaren, waɗanda farashi bai dame su ba domin ba sayarwa za su yi ba. A Amurka wasu mata masu sha'awar tsohon leshi sun haɗa ƙungiya tun 1953. A birnin Bruges na Beljiyam an kafa cibiyar koyar da leshi a 1970. A Ingila azuzuwan yamma na manya suka cika da masu koyo, har a 1976 aka kafa ƙungiyar Lace Guild, wadda ke da mazauni a Stourbridge, da mujalla, da ɗakin littattafai. A 1982 aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai suna OIDFA, wadda ta haɗa masu allura da masu kwarkwaro. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da akawu, da matan gida, suka nemi tsofaffin da suka rage, suka zauna gabansu da littafin rubutu. Suka shiga gidajen tarihi da gilashin ƙara girma suna bin zare ɗaya-ɗaya cikin leshin da ya shekara ɗari biyu, suna zana hanyarsa, suna gwadawa a gida har ya fito. Abin da suka gano kuwa bugawa suka yi, kowa ya samu.

Hanyar rabon nasu ita ce abin lura. A Ingila akwai abin da suke kira ranar leshi: a kama zauren taro, kowace ta zo da matashinta, a zauna tebur-tebur ana aiki ana shan shayi, masu sayar da zare da kwarkwaro su baje a gefe. Wadda ta maƙale a wata kusurwa sai ta ɗaga kai, ta kusa da ita ta miƙo hannu. A ƙasar Sifen abin ya fi haka girma, gama a dandalin gari suke zama, mata ɗaruruwa daga garuruwa daban-daban, ƙarar kwarkwaronsu na tashi kamar yayyafi bisa kwano, kuma akan ajiye matashi guda domin mai wucewa ya gwada. Da yawa daga cikin masu saƙa a yau ta haka suka fara, sun tsaya kallo aka ce musu zauna ki taɓa. Har wata rubutacciyar hanya suka yaɗa wadda ta samo asali a Beljiyam, inda launi ke tsayawa a madadin kalma a kan zane: kore na nufin giciye da murɗi, shunayya na nufin saƙa irin ta masaƙi, ja na nufin a ƙara mata murɗi. Da wannan, mutuniyar Japan takan karanta zanen mutuniyar Jamus ba tare da ɗayarsu ta ji harshen ɗaya ba. A gwada wannan da zamanin da ake bin mace da barazana domin ta haye iyaka da abin da ke cikin kanta.

Gaskiya kuwa a faɗe ta duka: akwai matakin da mai sha'awa ba ta kai wa. Leshin allura na Alençon, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon 'yan Adam a 2010, yana cin kamar sa'a bakwai kafin a cika faɗin santimita ɗaya, wurin da bai wuce farcen yatsa ba, kuma koyonsa dukansa na ɗaukar shekara bakwai zuwa goma. Gwamnatin Faransa ce ta kafa masa ɗakin aiki a 1976, tana biyan 'yan mutane ƙalilan albashi su riƙe shi. Mai aikin ofis da ke zama gaban matashi ran Asabar ba za ta maye gurbinsu ba. Amma 'yan ƙalilan ɗin nan daga ina za a samo magadansu, kuma wa zai san darajar abin da suke yi har ya yarda a ci gaba da biyansu, in babu dubban da suka taɓa kafa fil suka san wuyarsa? Gwani daga cikin taron masu gwadawa yake fitowa.

Zamani ya kawo wata ƙofa. Yau mai koyo na iya zama a ɗakinta ta kalli hannun gwana ta intanet, ta tsayar, ta mayar baya sau goma ba wanda ya gaji da ita, kuma a 2020, da annoba ta kulle mutane a gida, azuzuwa da yawa can suka koma. Alheri ne babba, musamman ga wadda ba ta da mai saƙa a garinsu. Sai dai hoton yana nuna mata hannun malama, ba ya nuna wa malama hannunta. Mafi yawan aibin ɗan koyo a jan zare yake: ta ja da ƙarfi aikin ya tattare, ta saki ya yi lakwas, kuma ita ba ta sani ba sai ta zare fil ta ga abin ya karkace. Wadda ke zaune kusa da ita da ta gani tun layi na uku, ta ɗora yatsa ta ce sassauta nan. Duk wanda ya taɓa koyon ɗinkin hula a zaure ya san bambancin a nuna masa da a kama hannunsa.

Su ma masu sha'awar ba su kuɓuta daga zargi ba. Ƙungiyoyin da suka cika a shekarun 1980 yanzu furfura ta yi yawa a cikinsu, kuma ba dukan laifin na samari da 'yan mata ba ne. Ana sa taro da hantsin ranar aiki, lokacin da mai neman abinci ba ta da sarari. Yarinya ta zo da zare mai launin wuta, ko da siririyar waya, tana son ta saƙa 'yan kunne, sai a sami mai yamutsa fuska ta ce ba haka aka gada ba, alhali su magabatan da ake ambata duk abin da kasuwar zamaninsu ta so shi suka saƙa. Akwai kuma masu tara tsofaffin kwarkwaron ƙashi, masu sunaye a rubuce da duwatsun ado a gindi, su jera cikin akwati a rufe, farashinsu ya tashi, baƙuwa ta gani ta zaci sai mai hali ke shiga. Wannan rowa ce ta dawo da sabuwar riga.

Cewa sai da kuɗi kuwa, matan gaɓar tekun arewa maso gabashin Birazil sun ƙaryata shi. Daga mutanen Fotugal saƙar ta isa gare su, suka cusa matashi da busasshen ganye, suka yi kan kwarkwaro da ƙwallon wata irin giginya ta ƙasarsu, suka kafa ƙayar wani icce mai suna mandacaru a wurin fil. Cewa yara ba su so kuma, garin Idrija na ƙasar Silobeniya ya ba da amsa. Garin masu haƙar zaiba ne, matansu suka riƙi leshi domin taimakon gida, aka buɗe musu makaranta a 1876, kuma ba ta rufe ba har yau. Ramin zaibar ya daina aiki, makarantar na nan. Yara ke zuwa bayan an tashi daga karatu, da son ransu, kowa ya saƙa abin da ya ga dama, kifi ne ko tsuntsu, kuma a bikin leshi na garin da ake yi kowace shekara cikin watan Yuni akan shirya musu gasa tasu. A 2018 UNESCO ta sa saƙar kwarkwaro ta Silobeniya cikin jerinta. Shekarun yaran Idrija ba su fi na yaran Bedford na dā nisa ba sosai, matashin ma kusan iri ɗaya ne, sai dai waɗannan in ƙarfe ya buga sukan rufe aikin da ƙyalle su tafi wasa.